Lamba Takan Mutu Ta Bar Kwalta: Tsofaffi Da Gajerun Hanyoyin Tarayya A Amurka

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon a ba ni fili in yi bayani a kan wani abu da ake yawan ruɗewa a kansa idan ana maganar manyan hanyoyin Amurka. Za ka ji an ce an soke hanya mai lamba 66 a 1985, mai karatu ya ɗauka katafila aka kawo aka kankare kwaltar. Ko a ce akwai hanyar tarayya a New York da tsawonta bai kai mil ɗaya ba, mutum ya ɗauka shirme ne ko cuwa-cuwar 'yan kwangila. Inda ruɗanin yake shi ne ana haɗa lambar hanya da ita kanta hanyar. Lamba tana da masu ba da ita da ƙa'idar karɓe ta. Kwalta kuma tana da mai ita, wanda zai cike mata ramuka, ya yashe kwalbati, ya duba ƙafafun gada bayan ambaliya. Roƙona ga masu rubuta irin waɗannan labarai shi ne, duk lokacin da aka ce an soke wata lamba, a gaya wa mai karatu hannun wa hanyar ta koma, domin a nan ainihin labarin yake.

Sunan "hanyar tarayya" kansa yana ɓatar da mutane. Hanyoyin da ke ɗauke da farin allo mai siffar garkuwa, irin su US 1 da US 20, jihohi ne ke da su. Jiha ce ke ba da kwangila, ita ke gyara, ita ke kwashe ƙanƙara da hunturu. Haka ma tagwayen hanyoyin nan masu allo ja da shuɗi da ake kira Interstate. Gwamnatin tarayya kuɗi take zubawa, ta kuma gindaya sharuɗɗan inganci. Lambobin kuwa ƙungiyar shugabannin ma'aikatun hanyoyi na jihohi ce ke raba su. An kafa ta a 1914 da sunan AASHO, ta koma AASHTO a 1973. Ke nan idan an soke lamba, jihohin da hanyar ta ratsa ne suka nema da bakinsu.

Kafin 1926 sunaye ake bi. 'Yan kasuwa da masu masauki da masu sayar da mota sukan kafa ƙungiya, su zaɓi jerin hanyoyin karkara da ke akwai, su raɗa musu suna ɗaya, su bi turakun wayar tarho suna shafa fenti mai launin ƙungiyarsu. Wadda ta fi suna ita ce hanyar Lincoln ta 1913, daga New York zuwa San Francisco, mai zanen ja da fari da shuɗi da harafin L. Zuwa tsakiyar shekarun 1920 irinsu sun kai wajen 250. Turke ɗaya kan ɗauki fentin ƙungiyoyi da yawa, kuma wata ƙungiyar kan karkatar da hanyarta ta bi ta garin da ya biya kuɗi ko da matafiyi zai ƙara nisa. Jihar Wisconsin ce ta fara kafa allunan lamba a 1918. A 1925 aka naɗa kwamitin haɗin gwiwa mai wakilan jihohi 21 da jami'an tarayya 3 domin ya yi wa ƙasar baki ɗaya tsari guda, kuma ranar 11 ga Nuwamba 1926 aka amince da shi.

Tsarin yana da sauƙin riƙewa. Hanyoyin kudu da arewa suna ɗaukar lambar da ba ta rabuwa biyu, daga US 1 a gaɓar gabas har US 101 a gaɓar yamma. Na gabas da yamma suna ɗaukar mai rabuwa biyu, daga US 2 kusa da Kanada, lambar tana girma yayin da ake gangarawa kudu. Manya daga cikinsu suna ƙarewa da 0 ko 1. Lamba mai alƙaluma uku, in ban da 101, reshe ce: 166 da 266 'ya'yan 66 ne, 199 ɗan 99 ne. To amma ga inda gajerun hanyoyi suka samo asali. Jerin da kwamitin ya miƙa a ƙarshen 1925 bai kai mil 76,000 ba. Kafin a rattaba hannu bayan shekara guda ya kumbura zuwa mil 96,626, wato sama da kilomita 155,000. Kowane garin da aka tsallake ya tura wakilai yana kuka, kuma hanya mafi sauƙi ta lallashinsa ita ce a yanko masa ɗan reshe daga babbar hanyar da ke kusa.

Ita kanta 66 daga irin wannan rigima ta fito. Da farko lamba 60 aka ba hanyar Shikago zuwa Los Anjalis. Gwamnan Kentucky, William Fields, ya ƙi yarda, saboda babu wata hanya mai ƙarewa da sifiri da ta ratsa jiharsa. Aka yi watanni ana ja-in-ja, daga ƙarshe Kentucky ta samu 60, su Cyrus Avery, jami'in hanyoyi na jihar Oklahoma, kuma suka haƙura da 66 a ƙarshen Afrilu 1926, ganin babu wanda ya ɗauke ta.

Cikin rassan farko akwai US 630, wadda ta tashi daga garin Weiser na jihar Idaho, ta haye kogin Snake, ta haɗu da US 30 a ɓangaren Oregon. Tsawonta duka wajen mil 3 ne, kuma shekaru kaɗan ta yi aka karɓe lambar a farkon shekarun 1930. Irin waɗannan ne suka sa ƙungiyar AASHO ta kafa ƙa'ida a 1937, wadda har yau ake aiki da ita: ba za a ƙara ƙirƙiro hanyar US da ta tsaya cikin jiha ɗaya ba, kuma waɗanda ke akwai cikin jiha ɗaya da ba su kai mil 300 ba, a haɗe su da wata ko a mayar da su hanyoyin jiha. Sai dai ƙa'idar ta ce a yi hakan gwargwadon yadda jiha da kwamitin ƙungiyar suka daidaita, ba ta sa wa'adi ba. Shi ya sa US 46 mai mil 75 take nan daram cikin New Jersey, US 266 mai mil 43 take nan cikin Oklahoma tsakanin Henryetta da Warner. Ita 266 a da daga birnin Oklahoma ta taso, inda take haɗuwa da uwarta 66. US 62 ta cinye mata ɓangaren yamma a 1930, uwar kuma ta mutu a 1985, ta zama marainiya. Ba ita kaɗai ba ce. US 138 tsakanin Sterling a Colorado da Big Springs a Nebraska ta rasa uwarta 38 tun farkon shekarun 1930 lokacin da US 6 ta haɗiye ta, US 199 tsakanin Crescent City da Grants Pass kuma ta rayu bayan 99. Ga mai binciken tsohuwar taswira waɗannan marayu suna da amfani ƙwarai, domin lambarsu ce ke nuna masa inda babbar hanya ta taɓa bi.

Abin da ya kashe manyan lambobi shi ne dokar da Shugaba Eisenhower ya sa wa hannu ranar 29 ga Yuni 1956. Ta tanadi mil 41,000 na sababbin hanyoyi, ta ƙara harajin mai daga santi 2 zuwa 3 a kowane galan, ta buɗe asusu na musamman da kuɗin ke shiga. Babban abin da ke cikinta shi ne rabon kuɗi. A tsofaffin ayyuka rabi da rabi ake yi tsakanin jiha da tarayya. A Interstate kuwa tarayya ke biyan kashi 90 cikin 100. Sharuɗɗan gini ma daban ne: faɗin kowane layi ƙafa 12, wurin tsayawa na gefen dama ƙafa 10, tazarar ƙafa 16 a ƙarƙashin gadar sama a bayan gari, babu danja, babu mahaɗar da motoci ke gittawa a ƙasa ɗaya, ba a shiga ko fita sai ta wuraren da aka tanada. Tsohuwar hanyar da ta ratsa tsakiyar kasuwar gari ba za ta taɓa cika waɗannan ba, don haka sai a shimfiɗa sabuwa a gefenta. A Interstate, waɗanda lambarsu ke farawa da harafin I, an juya tsarin lambobin, ƙanana a yamma da kudu, kuma aka bar I-50 da I-60 ba a yi amfani da su ba, don kada su faɗo jiha ɗaya da US 50 da US 60.

US 66, mai tsawon mil 2,448 a jihohi takwas, gaɓa-gaɓa ta mutu. A 1964 aka datse mata kai daga Santa Monica zuwa Pasadena. A farkon 1977 aka sauke allunanta a Shikago. Hanyoyi biyar ne suka raba gādonta: I-55, I-44, I-40, I-15 da I-10. Garin Williams na Arizona shi ne na ƙarshe da aka kewaye, a Oktoba 1984, sannan a Yuni 1985 aka shafe lambar daga jeri. A shekarar 1964 ɗin nan Kalifoniya ta sake wa hanyoyinta lamba gaba ɗaya, da ƙa'idar cewa lamba ɗaya hanya ɗaya. A nan US 6, wadda ita ce mafi tsawo a ƙasar da mil 3,652, ta rasa ƙarshenta na Long Beach ta tsaya a Bishop, kambun ya koma wa US 20. US 99 ta fara zubewa a lokacin, ta ƙare a 1972, ko da yake jihohin Kalifoniya da Oregon da Washinton duk sun riƙe 99 a matsayin lambar jiha. Wasu ba su mutu ba, ƙanƙancewa suka yi. US 91 a da daga Long Beach take har iyakar Kanada a Montana. Yau abin da I-15 ta bar mata shi ne tsakanin Brigham City a Utah da Idaho Falls, ƙasa da mil 200.

Yanzu ga gajerun Interstate, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin kowacce tana da dalilinta. Mafi gajarta ita ce I-878 kusa da filin jirgin saman Kennedy a New York, mil 0.7, kilomita ɗaya da 'yan kai. Ba ta ma da allon Interstate a bakin titi, allon jiha ke kanta, a takarda kawai take amsa sunan. Asalin shirin shi ne I-78 ta fito daga ramin Holland, wato hanyar da ke bi ta ƙarƙashin kogi ta shiga birnin, ta keta kudancin Manhattan, ta ratsa Brooklyn, ta isa filin jirgin. Mazauna unguwannin da za a rushe suka tashi tsaye, aka soke shirin a farkon shekarun 1970. I-78 ta tsaya a bakin ramin, guntun da aka riga aka gina can gabas ya rage shi kaɗai, mil da yawa tsakaninsa da uwarsa.

A Baltimore abin ya fi ciwo. An rushe gidaje fiye da 900 a yammacin birnin, aka tashi mutum wajen 1,500, akasarinsu baƙaƙen fata, aka haƙa rami mai faɗi aka shimfiɗa hanya mil 1.4 da sunan I-170. An yi nufin ta haɗu da I-70, amma I-70 ba ta taɓa shigowa ba, domin an hana ta ratsa dajin shaƙatawa na Leakin. I-70 ta ƙare a wani filin ajiye motoci a bakin gari. A 1983 aka karɓe lambar 170, guntun ya koma ƙarƙashin US 40, kuma mutanen birnin suna kiransa hanyar da ba ta zuwa ko'ina. Darasin aiki a nan a fili yake, kuma har yanzu ana maimaita kuskuren a duniya: an fara gina reshe kafin a tabbatar da filin da gangar jikin za ta bi. Injiniyoyi kan fara da ɓangaren da ya fi saurin samun fili, da tunanin cewa idan an kashe kuɗi ba wanda zai iya tsayar da sauran. Idan lissafin ya ƙi, unguwa ta riga ta tafi, hanyar kuma ba ta da amfanin da aka rushe unguwar dominsa.

I-375 ta Detroit, mil ɗaya da ɗan ɗori, an kammala ta a 1964 kuma tana aiki, amma an shimfiɗa ta ne a kan titin Hastings, cibiyar kasuwancin baƙaƙen fata na unguwannin Black Bottom da Paradise Valley. A 2022 gwamnatin tarayya ta ware wajen dala miliyan 105 domin shirin cike ramin a mayar da ita titin gari. A San Francisco, hanyar Embarcadero mai hawa biyu ta buɗe a 1959, shekarar da majalisar birnin ta soke bakwai cikin manyan hanyoyi goma da aka tsara. Ta fara da I-480, ta koma lambar jiha, girgizar ƙasa ta Oktoba 1989 ta lalata ta, aka fara rushe ta a 1991. Wannan kam lamba da kankare duka sun tafi. A Memphis kuwa shari'a ce: a 1971 Kotun Ƙoli ta ba masu kare dandalin Overton gaskiya, bisa dokar 1966 da ta hana kashe kuɗin tarayya wajen ratsa wurin shaƙatawar jama'a matuƙar akwai wata mafita mai yiwuwa. I-40 ta zagaya ta arewa, ɓangaren da aka riga aka gina ya zama titin Sam Cooper. Bayan waɗannan rigingimu, dokar 1973 ta ba birane damar ajiye wani yanki na Interstate su karɓi kuɗin su sa a sufurin jama'a. Da irin wannan kuɗi Portland ta gina jirgin ƙasanta na cikin gari, wanda ya fara aiki a 1986.

Ba kowace gajeriyar hanya ce ragowar shirin da ya rushe ba. I-110 a El Paso, wadda ba ta kai mil ɗaya ba, aikinta ɗaya ne: ta kai motoci daga I-10 zuwa gadar da ke shiga Meziko. I-180 a Cheyenne ta jihar Wyoming ta ɗan haura mil ɗaya, tana haye layukan dogo ta shiga tsakiyar gari, kuma tana da danja duk da allonta na Interstate. I-238 a gabashin gaɓar San Francisco, wajen mil 2, ta karya ƙa'idar lamba tun daga tushe, domin babu I-38 ko'ina. A 1983 da aka shigar da ita duk lambobin rassan I-80 sun ƙare a Kalifoniya, sai aka bar mata 238 da take da ita tun tana hanyar jiha. Akwai kuma giɓin Breezewood a Pennsylvania, inda I-70 ke saukowa kan US 30, motoci su tsaya a danja tsakanin gidajen mai da wuraren cin abinci, sannan su hau hanyar biyan kuɗi. Dokar lokacin da aka gina I-70 ta ce ba za a sa kuɗin tarayya a haɗa Interstate kai tsaye da hanyar da ake karɓar kuɗi ba, sai jiha ta yarda ta daina karɓa bayan an biya bashin gini. Hukumar hanyar ba ta yarda ba, ba ta kuma biya da kanta ba. Sakamakon shi ne tirelolin da suka taso a guje dole su taka birki a tsakiyar shaguna, kuma duk mai sanin hanya ya san irin haɗarin da ke tattare da wannan.

US 666 labarinta daban ne. Ta samu lambar ne kawai don ita ce reshe na shida na 66, daga Gallup a New Mexico zuwa Cortez a Colorado, ta ƙasar ƙabilar Navajo. Amma 666 a littafin Kiristoci lambar dabbar ƙarshen zamani ce, sai aka laƙaba mata hanyar shaiɗan, ana kuma yawan sace allunanta. Arizona, inda aka tsawaita hanyar daga baya, ta mayar da nata ɓangaren US 191 a 1992. A 2003, bisa matsin gwamnan New Mexico Bill Richardson, sauran jihohi uku da hanyar ta ratsa suka nemi canji tare, aka ba su 491. Da labari ya bazu aka kwashe kusan duk sauran tsofaffin allunan. Yawan haɗarin da aka san hanyar da shi kuwa daga ƙuncinta da rashin raba hannu yake, kuma aikin mayar da ita tagwaye tsakanin Gallup da Shiprock shi ne ya taɓa matsalar a inda take.

Yadda ake soke lamba ko sauya ta ba boyayye ba ne. Ma'aikatar hanyoyi ta jiha ce ke cike takardar nema, ta haɗa da taswira mai nuna tsohon layi da sabo, da jerin nisan kowane yanki, faɗin titi, yanayin kwalta da gadoji, da yawan motocin da ke bi a rana. Idan hanyar ta tsallaka iyaka, dole maƙwabciyar jiha ta kawo tata takardar, in ba haka ba lamba za ta mutu a kan iyaka direba ya rasa gaba. Kwamitin lambobi na AASHTO yana zama sau biyu a shekara. Idan Interstate ce, sai hukumar hanyoyi ta tarayya ita ma ta amince. Daga nan sai aikin fili: a sauke alluna, a gyara manyan allunan kan gadar sama, a sake alamun mil idan mafarin ƙirge ya motsa. Aiki mai kyau yakan bar tsohuwar lamba da sabuwa tare na wani lokaci, kamar yadda aka yi da 666 da 491. Ita tsohuwar hanyar tana da makoma huɗu. Ko ta zama hanyar jiha, kamar yadda Arizona ta riƙe 66 daga Kingman zuwa gabas. Ko ta zama zagayen cikin gari mai koren allo. Ko ta koma titin gefe da ke bin sabuwar hanya. Ko a miƙa wa gunduma ko birni.

Wannan na ƙarshen ne ya fi damuna. Kafin miƙawa ya kamata a duba kowace gada da kwalbati, a rubuta yanayinsu, jiha ta gyara ko ta ba da kuɗin gyara dunƙule, a kuma miƙa takardun iyakar filin hanya da na bututu da wayoyin da ke binne. Idan an tsallake wannan, gundumar da harajinta bai taka kara ya karya ba za ta wayi gari da gadojin da aka gina don zirga-zirgar ƙasa baki ɗaya. Abin da ke fara lalacewa shi ne magudanar ruwa, domin ba a ganinta daga cikin mota. Kwalbati ya toshe da yashi, ruwa ya kwanta a gefe, ya ratsa ƙarƙashin kwalta, ƙasan ya yi laushi, saman ya tsage kamar fatar kada. Faci a kan irin wannan ba ya wuce shekara ɗaya ko biyu. Akwai kuma asarar da ba ta kwalta ba. Bayanan haɗurra ana ajiye su ne da lambar hanya da alamar mil, don haka idan an sauya su ba tare da teburin da ke haɗa tsoho da sabo ba, tarihin wata muguwar kwana na shekara ashirin sai ya ɓace. Adireshin gidaje da ke bakin hanya yana canzawa, motar asibiti ta je wani wuri daban. Na'urar nuna hanya kuma takan tura tirela mai nauyi kan tsohon layi don ya fi kusa, ta kai ta kan gadar da ba za ta ɗauke ta ba.

Garuruwan da aka kewaye su ma sun ɗanɗana. Glenrio, a kan iyakar Teksas da New Mexico, ya zama kufai bayan I-40 ta wuce ta gefensa a shekarun 1970. Seligman ya kusa bin sahu, sai wani wanzamin garin, Angel Delgadillo, ya haɗa jama'a a 1987 suka kafa ƙungiya, jihar Arizona ta amince a kafa allunan tarihi masu ɗauke da 66. Sauran jihohin suka kwaikwaya, a 1999 kuma majalisar dokokin ƙasar ta yi dokar tallafa wa adana gine-ginen hanyar. Saboda haka ne har yau ake iya zuwa a ga guntun titi mai faɗin ƙafa 9 kacal tsakanin Miami da Afton a Oklahoma, wanda aka shimfiɗa a 1922 aka kewaye shi a 1937, da gadar Chain of Rocks ta 1929 a kan kogin Mississippi mai lanƙwasa a tsakiya, wadda yanzu masu ƙafa da masu keke ke bi.

Sai dai allon tarihi yana kawo 'yan yawon buɗe ido ne, nauyin gyara yana nan a wuyan wanda aka miƙa wa. A hamadar Mojave ta Kalifoniya, tsohuwar 66 ta gabas da Barstow tana hannun gundumar San Bernardino, kuma a kanta akwai gadojin katako fiye da 100 da aka gina wajen 1930 a kan busassun rafuka. Shekara da shekaru ba ruwa a ƙarƙashinsu, amma idan hadari ya zuba a kan duwatsu, ruwa kan taho lokaci guda da yashi da duwatsu ya ci gindin ginshiƙai. Ambaliyar Satumba 2014 ta lalata da yawa daga cikinsu, aka rufe wasu sassan na tsawon shekaru, aka kuma taƙaita nauyin motar da za ta hau wasu gadojin zuwa tan 3. Wannan hanyar ce kuwa mafita mafi kusa idan wani abu ya rufe I-40 a wannan yanki, kuma motar kashe gobara cike da ruwa ta ninka tan 3 sau da yawa.

Na gode da wannan fili da aka ba ni. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Wani injiniyan hanyoyi